Jirgin da Ba Shi da Lagireto

A shekarar da soja suka tattara nasu ya nasu suka koma bariki, wata cuta ta kama Kaduna, cutar zaɓe. Mahauta sun zaɓi shugaba, 'yan acaɓa sun zaɓi shugaba, har masu wankin mota na bakin titinmu sun yi taro sun tsayar da sakatare. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna magana ƙasa-ƙasa, kowa ya gano ashe yana da murya. A wannan shekarar ce ni ma na ajiye tuƙin tifa, na ce jirgin ruwa zan tuƙa.

Ba haukacewa na yi ba, ko da yake maiɗakina ta yi zargin haka. Na daɗe ina ɗibar yashi a bakin kogi ta gefen Nasarawa, inda muke zaune, ina kallon mashigin da 'yan fito suke tsallakar da mutane a kwale-kwale. Kullum mata masu kayan miya suna haye ruwa zuwa gefen Unguwar Mu'azu, wasu daga lambunan bakin kogi, wasu tun daga Kakau. Da rani lafiya lau. Amma da zarar marka ta kankama kogi ya cika, sai 'yan fito su ɗaure jiragensu, matan nan su ɗora kwanduna a ka su zagaya ta gada, kafin su isa kasuwa alayyafo ya yi laushi. Ni kuwa mutum ne mai zafin kai, in abu ya tsaya mini a rai ba na iya barci. Da na ji labarin wani tsohon jirgin ƙarfe mai injin gas da wasu masu haƙar yashi suka yasar can ƙasan kogi, ban yi shawara da kowa ba sai da na ga an sauke shi daga tirela a Kakuri, a garejin abokina.

Abokin nan nawa Ibo ne, bakaniken manyan motoci, shi ya daɗe yana gyara mini tifa. Ina kiransa Oga, shi kuma yana kirana Direba. Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya, sai in ransa ya ɓaci ne yake komawa Turancin kasuwa. Ya hau jirgin ya zagaya injin, ya sake zagayawa, ya tsuguna ya leƙa ƙasa, sannan ya ɗago.

"Direba, ina lagireto?"

Na ce, "Ni za ka tambaya? Kai ne bakanike."

"Babu lagireto, babu fanka, babu ma inda za a ɗaura su. Wetin be dis?"

Muka yi ta laluben injin har muka ga wani ɗan tanki a sama mai murfi irin na lagireto. Oga ya buɗe ya shinshina, ya ce to ga inda ake zuba ruwa, ƙila Turawan da suka ƙera shi rowa ce da su. Akwai kuma wani baƙin tiyo da ya taso daga wani ƙaramin famfo ya gangara ƙasan jirgi. Wannan bai ba mu wahala ba, muka yanke cewa na kwashe ruwan da ya shigo cikin jirgi ne. Mu biyu, in aka haɗa shekarunmu a kan inji, sun isa a haifi mutum ya yi jikoki, amma duk a kan kwalta muka yi su.

Oga ya yi aiki tsakaninsa da Allah. Ya sauya baƙin mai, ya wanke tankin gas, ya gyara fambel. Ranar da injin ya tashi, sai ya yi abin da kowane bakanike a ƙasar nan yake yi in ya gama aiki, wato ya ba shi wuta har maƙwabta su fito su shaida. Jirgi yana zaune a kan tsofaffin tayoyi a tsakiyar gareji, ko raɓa babu a ƙarƙashinsa, mu kuwa muna ta ba shi wuta muna murmushi. Duk wanda ya zo wucewa ya ce a tayar masa ya ji, sai mu tayar na ɗan lokaci mu kashe. Mun ji ƙaurin roba kam, amma akwai wani mai facin taya a jikin katangar garejin, shi muka yi ta zagi.

Mashigin nan yana da mai shi. Wani dattijo ne siriri, kowa yana ce masa Baba Sarkin Jirgi, kuma babu wanda ya isa ya kafa turken ɗaure jirgi a wurin sai da izininsa. Jirgin da ba shi da turke a mashigi ba shi da fasinja, ko da na zinare ne. Na je na gaishe shi da goro, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ɓare goron ya raba wa na kusa da shi, ya ce, "Kawo shi mu gani."

Da ruwan farko ya sauka muka jefa jirgin a kogi. Jama'a suka taru kamar ana raba wani abu. Na tsaya a sitiyari da sabuwar hula, Oga yana gefen inji, muka yanki ruwa da ƙarfi har igiyar da muka tayar ta girgiza kwale-kwalen mutane. Ni da gangan na yi. Ba mu kai tsakiya ba allurar da ke nuna zafin inji ta haura har ƙarshe, fentin injin ya fara wari, tururi ya tashi. Oga ya kwatsa ihu, "Kashe! Kashe!" Na kashe. Ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe murfin ɗan tankin nan ya tuttula ruwa, kamar yadda ake yi wa mota a gefen hanya, amma ko a jikin injin. Ruwa ya fara tafiya da mu. Waɗanda na girgiza wa jirage ɗazu, su suka biyo mu suka jefo igiya, suka jawo mu gaɓa suna waƙar habaici. Kunyar da na ji a ranar, da kogin yana da zurfi sosai a lokacin, da na roƙe shi ya rufa mini asiri.

Baba bai yi dariya ba, da ma ya yi da ta fi mini sauƙi. Ya ce, "Direba, hanya daban, ruwa daban. Ka mayar da abinka inda ka ɗauko shi, kafin ka kashe 'ya'yan mutane."

Sai wata murya ta fito daga cikin mata. Shugabar masu kayan miya ce, 'yar kudancin Kaduna, kakkaura, muna ce mata Mama. Ita take jan waƙa a cocinsu, don haka ba ta bukatar lasifika.

"Baba, da girmanka da komai, wannan kuma wace doka ce? Soja sun tafi fa. Mu ne masu zagaya gada da kaya a ka, wuyanmu ne yake ciwo, ba na 'yan fito ba. A tambaye mu mana!"

Wuri ya ɗauki dariya da shewa. Wani ya ce a yi zaɓe, wani ya ce a yi layi. Baba ya dubi jama'a, ya ga iskar da take kaɗawa a garin ta iso har mashiginsa. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"To, tunda zamanin ya zo da haka. In kogi ya cika, ranar da mu muka ɗaure namu, Direba ya ɗauki kaya da mutane ya kai su, ya dawo da ƙarfin injinsa. In ya dawo a yi layi. Mai so ya tsaya bayansa, wanda ba ya so ya tsaya bayana. In na kayar da shi, ya fitar da ƙarfensa daga ruwan nan, kada in sake jin zancen."

Na ce na yarda, da murya mai ƙarfi, don kada a gane na tsorata.

Muka ja jirgin can sama da mashigi muka ɗaure shi a saiwar wata bishiya. Washegari Oga ya kwanta rub-da-ciki a cikin jirgin yana bin baƙin tiyon nan da hannu, taƙi bayan taƙi. Ashe ba a cikin jirgi ya tsaya ba. Ya huda ƙarfen ƙasa ya fita cikin kogi, kuma a bakin hudar akwai kan famfo na tagulla da ake buɗewa a rufe. Daga nan ruwa yana shiga wani kofi mai rariya a ciki, wanda muka tarar cike da busasshiyar laka da ɓawon katantanwa. Daga kofin sai ƙaramin famfon, daga famfon sai wani dogon gwangwani da ke kwance a jikin injin, daga gwangwanin sai salansa. Oga ya tashi zaune, fuska duk baƙin mai, ya nuna kogi.

"Direba, wannan injin kogi yake sha. Kogin nan shi ne lagiretonsa."

Da muka natsu muka gane ruwa biyu ne. Akwai mai tsabta da ake zubawa a ɗan tanki, shi yake zagaya cikin injin ya ɗebo zafi. Akwai na kogi da famfo yake jawowa, ya bi ta wasu siraran bututai a cikin gwangwanin nan ya karɓi zafin, ya fita ta salansa tare da hayaƙi. Ba sa haɗuwa da juna. Kamar dai a tsoma kofin shayi mai zafi a kwanon ruwan sanyi ne, sai dai shi ruwan kwanon kullum sabo ne.

Sai muka kwance murfin ƙaramin famfon. A ciki akwai wata 'yar roba mai zagaye, wadda da gani ka san da can tana da fuka-fukai a kewayenta masu tura ruwa. Yanzu kuwa ta ƙone ta zama gundul. Ba sai an faɗa mana ba, ruwa ne man wannan roba, in ta juya a bushe cinye kanta take yi. Muka dubi juna. Kowannenmu ya tuna garejin Kakuri da wutar da muka yi ta bayarwa a kan tayoyi, da bawan Allah mai faci da ya sha zagi a banza. Oga ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba, don na san damina ba ta jiran kowa.

An nemi irin robar nan a Kaduna kaf ba a samu ba, masu sayar da kayan gyara suna juya ta a hannu suna tambaya ko ta injin markaɗe ce. Sai da Oga ya aika wa ƙanensa a Anaca, aka ba wani direban bas ya kawo. Muka shafa mata ruwan sabulu don ta zame, muka lanƙwasa fuka-fukan duka gefe ɗaya, inda famfon yake juyawa, muka wanke rariya tas, muka buɗe kan famfo, na tayar. Ruwa ya fito ta salansa, amma ɗis-ɗis yake zuba kamar famfon unguwa da rani. In injin ya ɗan jima yana aiki, sai allura ta fara hawa.

Nan ne na ga ta kaina. Muka sake kwancewa muka sake ɗaurawa, muka matse duk wata mahaɗa ko iska ce take shiga, muka ƙara wa fambel ƙarfi, duk a banza. Ruwan sama yana ƙaruwa, kogi yana hawa saiwar bishiyar da muka ɗaure jirgi. 'Yan fito in sun zo wucewa sai su ce, "Direba, yau ina za a kai mu, Legas?" Wata rana na ɗauki sifana na bi ɗayansu har cikin ruwa zuwa gwiwa, Oga ne ya riƙe mini riga. Tuƙin tifa kuwa na riga na bar shi da cika baki, an ba wani motar. Tsoro ya kama ni sosai, ban dai faɗa wa kowa ba.

Wata yamma na koma gida na jefar da tsohuwar robar a kan tabarma, na zauna ina huci. Maiɗakina tela ce, tana kan kekenta. Ta miƙa hannu ta ɗauka ta juya.

"Malam, wannan da ma haka take?"

"Da fuka-fukai gare ta. Sun karye."

"Na ji sun karye. Ina suka tafi?"

Na ce mata ba na son surutu. Ta ce, "Ni dai in allura ta karye mini a keke, ba na sa sabuwa in ci gaba sai na nemo guntun, don yana nan ciki yana jirana." Ta mayar da kai kan ɗinkinta.

Gari na wayewa na riga Oga isa bakin kogi. Muka kwance murfin dogon gwangwanin nan ta gefen da ruwan kogi yake shiga. Ga su nan, guntayen baƙar roba sun toshe bakunan siraran bututan, ruwa sai dai ya rarrafa ta 'yan kaɗan da suka rage. Na shimfiɗa farin ƙyalle, muna zarowa ɗaya bayan ɗaya ina jerawa kewaye da tsohuwar robar, kamar mai ɗinkin ƙwarya yana haɗa fasassu. Kowane fiffike ya sami mazauninsa, sai ɗaya da ya rage rabi. Oga ya ce, "Ya isa haka, wannan ya narke." Na ce bai narke ba, yana nan ciki yana jirana. Muka yi musu har muka daina kallon juna, amma na ci gaba da cire tiyo ina busawa. A wata kwana ta tiyo na same shi a maƙale. Muka tsefe bututan a hankali da wayar ƙafar keke, laka tana fita, muka mayar da komai.

Da na tayar, ruwa ya yi tsalle daga salansa, fat, fat, fat, yana feshi har kan ciyawar gaɓa. Allura ta hau zuwa tsakiya ta zauna abinta. Muka bar injin yana aiki har rana ta take, ba ta motsa ba. Oga ya rungume ni da baƙin mansa duka, ni kuwa ban damu da rigar ba.

Daga ranar muka kafa wa kanmu ƙa'ida. Makullin injin a hannun kan famfon nan ake rataye shi, don kada wani ya tayar bai buɗe wa ruwa hanya ba. Kowace safiya sai na cire rariya na wanke, don kogin Kaduna da damina kunu ne, ga yashi ga ganye ga leda. In na tayar, kafin in dubi komai sai na leƙa baya na ga ruwa yana fita. A hankali har kunnena ya koya. Salansa mai ruwa muryarta a jiƙe take, tana kurɓa tana tofarwa. In ruwa ya ragu sai muryar ta bushe ta yi fayau. Na kai ko ina hira da mutum, kunnena ɗaya yana bayan jirgi.

Ranar gwaji ta zo cikin watan Agusta, bayan an kwana ana tafka ruwa. Kogi ya yi ja ya batse, yana tafe da rassa da karan masara. Duk kwale-kwale an jawo su tudu. Mama ta shigo da matanta da kwandunansu, wasu suna dariyar tsoro. Ana gab da kwance igiya sai ga Baba da doguwar gorarsa ta tuƙi. Ya ce, "Shaida ba ta yiwuwa daga tudu." Ya shiga ya zauna a baya. Na yi bismilla, Oga ya yi alamar gicciye, muka tashi.

Zuwa lafiya lau. Na karkata hancin jirgi sama ina yankar ruwa a hankali, injin yana gurnani, salansa tana tofi. Matan da suka rufe ido suka fara buɗewa. Muka sauke su a gefen Unguwar Mu'azu rana ba ta yi zafi ba, alayyafonsu shar. Mama ta ce ita sai ta dawo ta ga ƙarshen abin, ta bar wa wata kayanta. Muka ɗauki wasu mutane masu son hayewa, muka juyo.

A dawowa na ga hanya ta fi kusa in na bi ta ƙasan wata babbar kwata da take zubo ruwan unguwa cikin kogi. Na ji Baba ya yi gyaran murya, amma bai ce komai ba, don shi shaida ne. Mun kusa tsakiya sai muryar salansa ta bushe. Na waiga. Hayaƙi kawai, ko ɗigo babu.

Ga mashigi ina hangowa, cike da mutane. In na danne wuta ƙila mu isa, amma robar nan za ta ƙone kafin nan, injin kuma ya bi ta, da mutane a ciki da ruwa irin wannan. In kuma na kashe, na kashe ne a gaban idon duk waɗanda za su yi layi. Ban daɗe ina tunani ba, hannuna ya riga ni. Na kashe.

Ihun da ya taso daga gaɓa har yau ina jin sa. Jirgi ya fara juyawa a kaikaice, ruwa yana jan mu zuwa wasu duwatsu da ke ƙasan mashigi, inda yake tafasa fari. Wata mata ta fara salati, wani ya miƙe tsaye. Baba ya daka masa tsawa, "Zauna!" Ya tashi da gorarsa, ya dubi Mama ya ce, "Riƙe sitiyarin nan haka, kada ki saki ko sama za ta faɗo." Ya soka gorar ta baya ya jingina mata duk ƙasusuwansa, hancin jirgi ya dawo ya fuskanci ruwa. Tafiya dai muke yi, amma ba a kaikaice ba.

Ni da Oga muna ƙasa wurin injin. Ya rufe kan famfo ya buɗe kofin rariya, muka ga ba abin da ya taka kara ya karya a ciki. Wato toshewar daga waje take, ƙarƙashin jirgi. Na cire tiyo daga kan famfon, na ce ya buɗe. Ya buɗe, ruwan da ya kamata ya yi tsiri ko motsi bai yi ba. Na ɗauko doguwar waya mai kauri na cusa ta cikin hudar, na ji ta taɓa wani abu mai laushi, na danna da ƙarfi. Ruwa ya ɓarko ya dake ni a fuska, da guntun baƙar leda a ciki. Ban taɓa jin daɗin ruwan kwata ba sai ranar. Oga ya rufe, na mayar da tiyo na matse, ya sake buɗewa.

"Direba, tayar! Oya!"

Na hau na murɗa makulli. Injin ya tashi. Dukanmu, har da fasinjojin da ba su san me ake dubawa ba, muka zuba wa salansa ido. Ta yi tari a bushe, ta sake, sannan ruwa ya fito fat, fat, fat. Robar ta tsira don na kashe da wuri. Na karɓi sitiyari daga hannun Mama, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya. Duwatsun nan sun matso har ina ganin gansakukar jikinsu. Na ba shi wuta, wannan karon a inda ya dace, jirgi ya tsaya cak yana kokawa da ruwa, sannan ya fara hawa. Mama ta ja waƙar cocinsu da dukan muryarta, mu da ba mu san baitin ba muna tafi. Haka muka isa mashigi.

Ban gama sauke mutane ba wani ɗan fito ya ɗaga murya. "Ya mutu a tsakiyar ruwa, kowa ya gani! Gorar Baba ce ta cece su!" Wasu suka ce haka ne, wasu suka ce ƙarya ne, aka fara nuna wa juna yatsa. Sai duk aka juya ga Baba. Na san in ya ce sharaɗi ya karye ba wanda zai musa, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba.

Baba ya matse bakin rigarsa da ta jiƙe, ya ce, "Ni nake ciki, ba ku ba. Da hannunsa ya kashe, don ya ji abin da ku ba ku ji ba, kuma da hannunsa ya tayar. Da injinsa muka dawo. Gora kuwa, duk jirgin da na shiga da gorata nake shiga. A yi layi."

Wallahi na ɗauka bayan wannan magana zai zo ya tsaya a bayana. Ina! Ya taka ya je gefensa ya tsaya ƙyam, ya dogara gorarsa. 'Yan fito suka jeru a bayansa. Ni ma na tsaya, rigata tana ɗiga, ban iya waiwaye ba. Ina dai jin takun ƙafafu da muryar Mama tana cewa a matsa a gyara layi. Can Oga ya taɓa ni ya ce, "Direba, juya ka gani." Na juya. Mata masu kayan miya, masu ɗibar yashi, fasinjojin da muka dawo da su, har da wasu 'yan fito da suka sulalo suna sunkuyar da kai, layi ya hau gangaren ya wuce wurin mai gasa masara ya lanƙwasa. Ba wanda ya ce a ƙirga. Daɗi ya cika ni.

Baba ya dubi layina ya dubi nasa. Sannan ya ce, "An kayar da ni." Ya sa aka kawo turke da guduma. Wani ya miƙa hannu zai karɓa, ya hana. Da kansa ya kafa shi kusa da nasa, yana bugawa yana hutawa, ba wanda ya yi motsi har ya gama. Na jawo igiyar jirgina na ɗaura, irin ɗaurin da na saba yi wa tamfol a bayan tifa. Ya tsaya yana kallo, ya girgiza kai, ya kwance ya sake ɗaurawa a hankali yadda zan gani.

"Ka bi ta bakin kwata kamar makaho," in ji shi. "Injin da yake shan kogi, ai sai mai shi ya san inda ruwa yake da tsabta. Gobe ka zo da wuri, zan nuna maka."

Na durƙusa a cikin lakar nan, a gaban layin da ya zaɓe ni, na ce, "To, Baba."